Daga Shagon Wanzami Zuwa Zauren Jami'a: Tarihin Jita da Matsayin Garaya, Gurmi da Molo a Nazarin Kiɗan Hausa

1.0 Gabatarwa

Garin Kubwa da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bwari ya bunƙasa ne bayan da aka mayar da fadar gwamnatin tarayya daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, lokacin da ma'aikata daga kowane sashe na Nijeriya suka yi ta neman matsuguni a gefen sabon birnin. Saboda wannan cakuɗa, gari ne da ake iya jin kiɗan ƙasar nan kusan kowane iri a cikin mako guda. Ranar Lahadi ana jin amon jita daga majami'u, a wuraren bikin Hausawa kuwa abin da ya fi tashi shi ne fiyano da lasifika. Yaron da ya tashi a irin wannan gari ya yi sha'awar jita, akwai hanya shimfiɗaɗɗiya a gabansa: littafin koyo, darussa hawa-hawa, jarrabawa, har digiri idan ya so. Wanda ya yi sha'awar gurmi ko garaya kuwa sai ya nemi makaɗi ya bi shi. Idan ya shiga jami'a ya karanta Hausa, za a koya masa turke da salo da zubi na waƙoƙin makaɗan gurmi, amma zai gama digirinsa bai taɓa tsirkiya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin yadda jita ta sami shiga manyan makarantun Turai, domin ita ma an daɗe ana yi mata kallon abin kiɗan marasa aikin yi. Daga nan za a dubi danginta na ƙasar Hausa da irin karɓar da jami'o'i suka yi musu. Jitar da ake nufi a nan ita ce mai tsirkiya shida ta nailan, wadda ake kaɗawa da yatsu, ana bin rubutaccen kiɗa. Don sauƙin bayani za a kira ta jitar ƙa'ida, a bambanta ta da jitar lantarki ta 'yan rawa.

2.0 Jita Kafin Ta Yi Daraja

Kalmar jita ta shigo Hausa daga Ingilishi, Ingilishi ya samo ta daga harshen Sifen, asalinta kuma ana mayar da shi ga wata kalmar Girkanci ta wani abin kiɗa mai tsirkiya. Masana ba su yarda cewa jita jikanyar udun Larabawa ce kai tsaye ba, amma babu musu cewa a Andalus aka yi zaman tare. Ziryabu, mawaƙin da ya baro Bagadaza, ya isa Ƙurɗuba a shekarar 822, kuma gare shi ake danganta ƙara tsirkiya ta biyar a jikin udu. Sunan da Turawa suke kiran nasu molon fada da shi, daga kalmar Larabci ta al-ud ya samo asali.

A ƙarni na 16 akwai abubuwan kiɗa biyu masu siffar jita a Sifen. Ɗaya ita ce bihuwela, ta masu mulki da masu ilmi, wadda Luis Milan ya wallafa wa littafin El Maestro a Balansiya a 1536. Ɗayar ita ce jita kanta, ƙarama, ta talakawa, wadda ake ratayewa a shagon wanzami domin masu jiran aski su rage lokaci. Abin sha'awa ga masu nazarin harshe shi ne, ɗaya daga cikin shaidu mafiya ƙarfi game da ƙasƙancin jita a wancan zamani daga ƙamus ya fito. Sebastian de Covarrubias, a cikin ƙamusunsa na harshen Sifen na 1611, ya koka a kan yadda aka yi watsi da bihuwela, ya kamanta amon jita da ƙararrawar da ake ɗaura wa shanu, ya kuma nuna cewa babu wani ɗan barga da bai iya kaɗa ta ba. Wanda ya san yadda malamin zaure yake ambaton mai garaya, ba zai ji wannan magana baƙuwa ba.

Abin da ya fara ɗaga jita shi ne rubutu. Littafin Milan da na Gaspar Sanz na 1674 ba su yi amfani da rubutun kiɗa irin na majami'a ba. Sun yi amfani da wata dabara mai sauƙi: a ja layuka, kowane layi ya tsaya a madadin tsirkiya guda, a rubuta lamba a kan layin don nuna gurbin da za a danna yatsa. Wato abin da aka rubuta shi ne aikin hannu, ba amo ba. Da wannan dabara kiɗan da aka yi shekaru ɗari huɗu da suka wuce ya iso ga ɗaliban yau, har da yatsan da za a sa.

Wajen ƙarshen ƙarni na 18 jita ta tsaya a kan tsirkiya shida ɗai-ɗai. A farkon ƙarni na 19 aka sami gwanaye irin su Fernando Sor (1778-1839) da Mauro Giuliani (1781-1829) da Dionisio Aguado (1784-1849), waɗanda suka tsara kiɗa mai yawa, suka kuma rubuta littattafan koyarwa. Na Sor ya fito a 1830. Shi da Aguado abokai ne, amma sun saɓa a kan wata mas'ala da har yau ake tattaunawa: Aguado yana kaɗawa da farce, Sor kuwa da tsokar yatsa. Irin wannan saɓani yana nan tsakanin makaɗan kowace ƙasa. Bambancin kawai shi ne na waɗannan biyu an rubuta shi, kowa ya kawo hujjarsa, ya zama abin karantarwa.

Duk da haka, da fiyano ya mamaye gidajen Turai, sai jita ta sake komawa baya, saboda muryarta ba ta da ƙarfi. Wanda ya yi maganin wannan ba makaɗi ba ne, kafinta ne daga Almeriya mai suna Antonio de Torres (1817-1892). Shi ya faɗaɗa cikin jita, ya sirantar da katakon fuskarta, ya tallafe shi daga ciki da 'yan sanduna da aka jera kamar mafici, ya kuma daidaita tsawon tsirkiya a kan kimanin santimita 65. A 1862 ya haɗa wata jita da ya yi wa baya da gefe da takarda mai kauri, don ya nuna cewa a fuska amo yake. Jitar da ake koyarwa a jami'o'i a yau, a bisa tsarinsa take.

3.0 Shiga Makaranta

Samun kyakkyawan abin kiɗa bai buɗe ƙofar makaranta nan da nan ba. Francisco Tarrega (1852-1909), wanda ake ɗauka uban salon kaɗa jita na zamani, ya shiga Kwalejin Kiɗa ta Madrid a 1874, amma fiyano da ilmin haɗa sautuka ya karanta a can. Ɗalibinsa Emilio Pujol ne ya tattara koyarwarsa a littafin da juzu'insa na farko ya fito a 1934. Sai a 1935 kwalejin Madrid ta naɗa Regino Sainz de la Maza a kujerar koyar da jita. A Ingila abin ya fi haka jinkiri. Julian Bream ya shiga babbar kwalejin kiɗa ta Landan a ƙarshen shekarun 1940 ya tarar ba a koyar da jita, sai ya karanta fiyano da babban gogen Turawa. A 1960 ne kwalejin ta ɗauki John Williams a matsayin malamin jita na farko, yana ɗan shekara goma sha tara. Jami'o'in Amurka ma a cikin shekarun 1960 suka fara ba da digiri a wannan fanni. Ke nan tsakanin littafin Milan da kujerar Madrid akwai shekara 399.

Mutumin da ya fi kowa ƙoƙari a wannan gwagwarmaya shi ne Andres Segovia (1893-1987). Ya fahimci cewa makaranta ba ta karɓar abin kiɗa sai yana da taskar kaɗe-kaɗe da za a raba shekara-shekara, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Saboda haka ya bi hanya biyu. Ta farko, ya ɗauko kiɗan da aka tsara wa wasu kayan ya mayar da shi kan jita, mafi shahara shi ne wani dogon kiɗan goge na Bach da ya gabatar a Faris a 1935. Ta biyu, ya riƙa roƙon manyan masu tsara kiɗa, waɗanda yawancinsu ba su iya jita ba, su tsara mata sabon abu. Manuel Ponce na Meziko ya amsa, Mario Castelnuovo-Tedesco na Italiya ya amsa, Heitor Villa-Lobos na Birazil kuma ya tsara darussa goma sha biyu na horar da yatsu waɗanda har yanzu ɗalibin jita ba ya tsallake su. A gefe guda Joaquin Rodrigo ya tsara Concierto de Aranjuez a 1939, aka fara kaɗa shi a Basalona a 1940, daga baya Benjamin Britten ya tsara wa Bream nasa a 1963. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Albert Augustine ya fito da tsirkiyar nailan a maimakon ta hanjin dabba mai saurin tsinkewa da sauyawa da yanayi, abin da ya sa jita ta yi araha ga ɗalibi.

Amma wannan nasara ba a banza ta samu ba. Domin a yarda da jita a zauren manya, Segovia ya nisanta ta daga filamenko, kiɗan talakawan Andalus wanda ake koyo da ka, kuma wanda ya riƙe jita a lokacin da masu ilmi suka yar da ita. Sai a 1985 kwalejin kiɗa ta Rotadam a ƙasar Holan ta ɗauki Paco Pena ya koyar da jitar filamenko. Wato an shigar da abin kiɗan, an bar masu shi a waje har tsawon rabin ƙarni.

4.0 Dangin Jita a Ƙasar Hausa

Kayan kiɗa masu tsirkiya da ake kaɗawa da yatsa ba baƙi ba ne a Afirka ta Yamma. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya ambaci mawaƙa masu riƙe da irin waɗannan kaya suna tafe a gaban sarki, kusan shekara ɗari biyu kafin littafin Milan. Charry (1996) ya bi bazuwarsu daga Senegal zuwa Tafkin Chadi, inda ake samun hoddu na Fulani da ngoni na Bambara da tahardant na Buzaye da molon Zabarmawa, ya kuma yi kaffa-kaffa da tsohon ra'ayin da ke cewa dukansu daga Masar ta dā suka zo. Har a Tunis da Tarabulus, Tremearne (1914) ya tarar da Hausawa suna bori da kayan kiɗansu.

A ƙasar Hausa, kamar yadda Ames da King (1971) suka tsara, akwai huɗu da suka fi fice. Garaya tana da tsirkiya biyu da ƙoƙon itace da aka rufe da fata, ana kaɗa ta da ɗan guntun busasshiyar fata mai tauri, babbarta kuma ita ce komo. Gurmi ƙwarya ce da aka rufe da fata aka soka mata sanda, mai tsirkiya biyu ko uku, an kuma san shi da kiɗan 'yan kokawa. Molo yana da tsirkiya uku da dogon ƙoƙo mai kama da kwalekwale. Kuntigi shi ne autansu, tsirkiyarsa ɗaya, cikinsa gwangwanin kifi. Dukansu babu ƙarafan da aka gitta a wuyansu irin na jita, saboda haka kunne da yatsa ne ke nemo gurbin sauti. Goge da kukuma 'yan gida ɗaya ne da su, sai dai su gogawa ake yi.

Kowane ɗaya yana da mutanensa. Garaya ta maharba ce tun asali, sannan ta zama ta 'yan bori. A nan ne ya kamata a tsaya, domin akwai masu ganin cewa waɗannan kaya ba su da wata taskar kiɗa da ta isa a karantar, rakiyar waƙa kawai suke yi. Binciken King a Katsina da na Besmer (1983) a Kano sun nuna akasin haka. Kowane iska yana da kiɗansa da kirarinsa, na Sarkin Rafi daban, na Ɗangaladima daban, na Inna daban, na Malam Alhaji daban, kuma akwai tsarin wanda ake fara kira da wanda ke biye. Mai garayar da ya rikita wannan tsari ya ɓata wasa. Yaro yana farawa ne da kaɗa caki a bayan maigidansa, ya yi shekaru yana sauraro kafin a miƙa masa garayar. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya gane cewa wannan manhaja ce mai matakai, wadda ke da malami da ɗalibi da abin haddacewa da ranar gwaji a bainar jama'a. Haka abin yake ga taken maharba da taken 'yan kokawa: kowane gwani yana da nasa, kuma da jin an kaɗa shi, kafin a buɗe baki, jama'a sun san wanda ake kira.

Ƙasƙancin waɗannan kaya yana da tushe biyu. Na farko shi ne matsayin maroƙi a tsarin zaman Hausawa, wanda Smith (1957) ya yi bayani a kai: ana bukatar sa a suna da aure da naɗin sarauta, amma ana ƙyamar haɗa zuri'a da shi. Na biyu shi ne hukuncin malamai. Erlmann (1986) ya tattara abin da shugabannin jihadin Sakkwato suka rubuta a kan kiɗa, inda ake ganin an yi sassauci ga gangar yaƙi da mandirin biki, an kuma tsananta a kan kayan tsirkiya. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 sukan jera molo da goge tare da caca da sauran abubuwan da ake son musulmi ya bari. Wannan mas'ala tsohuwa ce a fiƙihu. Imam Gazali, a babin sauraro na Ihya'u, ya ware kayan tsirkiya daga abin da ya halatta bisa dalilin cewa alama ce ta mashaya, alhali Ibn Hazmi na Andalus bai ga ingancin hadisan hanin ba. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci. Abin lura kawai shi ne, a Sifen da ƙasar Hausa duka, abokan zaman abin kiɗan ne suka fi jawo masa suna. Tambari da kakaki da algaita sun zauna a fada sun yi daraja, garaya ta zauna a gidan magajiya ta rasa ta.

Duk da wannan, ƙarni na 20 ya fitar da gwanayen tsirkiya da rediyo ya kai su kowane gida. Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da gurmi, Garba Supa da Hassan Wayam da kukuma. Adamu Ɗanmaraya Jos (1946-2015) kuwa ya ɗauki mafi ƙanƙanta a cikin kayan, ya zagaya duniya da shi, shi kaɗai ba 'yan amshi. Wanda ya saurari "Karen Mota" ko "Jawabin Aure" da kunnen basira zai ji cewa kuntigin ne ke yin aikin 'yan amshin, yana cike gurbin numfashi, yana kuma riƙe awon da baitocin ke hawa.

5.0 Yadda Jami'a Ta Karɓe Su

Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a ƙasar nan a farkon shekarun 1960, daga baya Ife da Legas suka biyo. Manhajar farko ta karkata ga kiɗan Turai, sai a hankali masana irin su Akin Euba da Meki Nzewi suka shigar da kiɗan gida, shi Euba a kan gangar dundun ta Yarabawa ya yi digirinsa na uku a Legon. A Arewa kuwa tarihin ya bi wata hanya dabam. A Zariya da Kano da Sakkwato, kiɗan Hausa ya shiga jami'a ne ta ƙofar sashen harsuna, a ƙarƙashin sunan adabin baka. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, wanda ya zama ma'aunin da ɗalibai masu yawa suka bi wajen rubuta kundayensu.

Ba ƙaramin aiki aka yi ba. Ta wannan hanya aka ceto tarihin makaɗa da matanin ɗaruruwan waƙoƙi, kuma mai yiwuwa ita ce kaɗai ƙofar da al'umma za ta yarda a buɗe a lokacin, domin uban da zai amince ɗansa ya karanta adabi ba lalle ne ya amince ya karanta kiɗa ba. Sai dai abin da ya shigo ta wannan ƙofa shi ne abin da alƙalami zai iya kamawa. A yawancin kundayen digiri, abin kiɗa yakan sami shafi ɗaya ko biyu a babin tarihin makaɗi: sunansa, abin da aka yi shi da shi, wani lokaci da hoto. Daga nan sai a koma ga matani har ƙarshe. Ayyukan da suka dubi kiɗan kansa, irin na Ames a Zariya a 1963 zuwa 1964, da na King a fadar Katsina, da na Besmer a fadar Kano, da na Erlmann a Maraɗi, baƙi ne suka yi su, da Ingilishi ko Jamusanci, kuma ba su sami magada da yawa a gida ba. Idan an kwatanta da Turai, sai a ga abin ya zo a juye. Can an rubuta hannu an manta da mutanen, nan an rubuta baki da tarihin mutanen an bar hannu.

6.0 Abin da Nazarin Harshe Ya Rasa

Ana iya cewa wannan matsala ce ta masana kiɗa, babu ruwan masu nazarin harshe. Amma Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma daidaitacciyar hanyar rubutu ba ta nuna ko ɗaya daga cikinsu. Idan aka juyi waƙar baka daga kaset zuwa takarda, an zubar da karin sauti, an zubar da tsawon wasali, an zubar da bugun da gaɓoɓi ke sauka a kansa, sannan a zo ana neman karin waƙar a cikin abin da ya rage. Wannan ne ya sa aka daɗe ana maimaita cewa waƙar baka ba ta da tsayayyen awo kamar rubutacciya. Schuh, wanda ya yi amfani da rubutun kiɗa wajen nazarin waƙoƙin Hausa, har da na Ɗanmaraya, ya nuna cewa awon yana nan, sai dai ba a ganin sa sai an jera gaɓa mai nauyi da marar nauyi a kan bugun kiɗan. Aikinsa da Hayes na 2019 a kan yadda ake rera bahar rajaz ya ƙara tabbatar da cewa tsakanin awon da ke takarda da wanda ke bakin mai rerawa akwai dangantaka mai ƙa'ida. Tun 1972 ma Richards ya ƙididdige dangantakar karin harshe da karin murya a wata waƙar Hausa, ya tarar suna tafiya tare fiye da yadda za a ce katari ne, ko da yake ba a kowace gaɓa ba.

Take kuwa ya fi wannan tsanani. Idan mai gurmi ya kaɗa taken ɗan kokawa ba tare da ya furta kalma ba, jama'a suka kuma fassara shi da kalmomi, to tsirkiya ta ɗauki wani abu daga harshe, ko dai hawa da saukar sauti, ko nauyin gaɓa, ko duka biyun. Gano wanne ne ta ɗauka, da wanne ta bari, tambaya ce ta ilmin tsarin sauti tsantsa. Ba za a amsa ta daga matani ba.

Akwai kuma ɓangaren kalmomi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da jerin kalmomin Ames da King sun adana sunayen kaya da sassansu, irin su tsirkiya da jaki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kalmomin aiki: yadda makaɗi ke faɗa wa yaronsa ya ɗaure ko ya sassauta, sunan da yake ba kowane irin bugu, da kalmar da yake amfani da ita idan amo bai zauna ba. Irin waɗannan kalmomi ba sa fitowa a hira da mai bincike, sai a lokacin koyarwa. Tun daga shekarun 1990, da masana'antar finafinan Kano ta koma ga fiyano mai kwaikwayon kowane amo, yaran da ke zama a bayan mai gurmi sun ragu, kuma kalmar da ba a koyar da kowa da ita ba ta daɗewa.

Daga tarihin jita, dabarar Milan ta rubuta aikin yatsa a kan layukan tsirkiya ta fi dacewa da garaya da gurmi fiye da rubutun kiɗan fiyano, domin tsirkiya biyu ko uku layi biyu ko uku ne kawai, ana kuma iya jera gaɓoɓin waƙa da alamar karin sautinsu a ƙarƙashi. Abin da bai kamata a kwaikwaya ba shi ne aikin Torres na tsayar da awo guda. Mai gurmi yana ɗaure tsirkiyarsa daidai da muryarsa, kuma tazarar sautukansa ba lalle ta faɗa daidai da ta fiyano ba. Ranar da aka gitta wa gurmi ƙarafa don a sauƙaƙa jarrabawa, an sami ƙaramar jita, an rasa gurmi. Misalin da ya fi kusa shi ne na udu, wanda shi ma ba shi da ƙarafa a wuya, ya kuma fito daga al'ummar da ta san wannan muhawara ta fiƙihu. Bayan taron kiɗan Larabawa na Alƙahira a 1932, an buɗe makarantar kiɗa a Bagadaza a 1936 ƙarƙashin Sharif Muhyiddin Haidar, daga cikinta kuma Jamil Bashir da ƙanensa Munir Bashir suka fito, waɗanda suka mayar da udu abin saurare shi kaɗai ba tare da waƙa ba.

A maƙwabta ma an gwada. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, inda Malam Mamman Barka ya yi aiki. Shi malamin makaranta ne tun farko, ya yi suna a Nijar da Arewacin Nijeriya da gurmi da waƙoƙin Hausa. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi yankin Tafkin Chadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma. Ya zauna da shi ya koyi kaɗe-kaɗen da waƙoƙinsu, dattijon ya ba shi nasa biram ɗin, bai kuma daɗe ba ya rasu. Barka ya fitar da faifan wannan kiɗa a 2009, ya kai shi ƙasashen Turai, shi ma ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018.